Baba Zakara da Kwamfutocin Ɗakin Ƙasa

Ɗakin kwamfuta na makarantar da nake koyar da buga rubutu yana ƙasan bene, bayan ɗakin ajiyar kaya. Tagoginsa a sama suke, dab da rufi, in kana zaune ba abin da kake gani na waje sai ƙafafun masu wucewa. A nan na yi shekaru muna raba ɗaki da mutumin da ɗalibai suka laƙaba wa Baba Zakara. Makarantar ta manya ce, ta koyon sana'a. Da safe 'yan mata da samari masu neman aikin ofis ne ke cika ta, da yamma kuma magidanta da suka taso daga aiki. Shi ba malami ba ne, aikinsa kula da na'urorin. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake riga kowa zuwa, ya bi layi-layi yana tada su, yana tsayawa a kan kowace har sai ya ga ta buɗe ido. Bai taɓa nuna jin haushin sunan ba. Ya ce ai gara a ce maka zakara da a ce maka jaki.

Dogo ne, amma ko lokacin da na san shi bayansa ya fara ranƙwafawa, saboda rabin rayuwarsa a sunkuye ya yi ta. Gyaran rediyo da talabijin ya tashi da shi a shagon ƙanin mahaifinsa. Da mutane suka daina kawo gyara, suka koma yar da tsohuwa su sayi sabuwa, sai ya koya wa kansa kwamfuta da 'yan littattafan da ya samu da kuma yawan ɓatawa. A gida yana da mata mai ɗinki, da 'ya ɗaya da ta yi aure a wani gari, da mahaifiyarsa wadda ta daina fita daga ɗaki, kuma ba ta yarda kowa ya ɗaga ta ko ya kwantar da ita sai shi. Kafin ya iso wurinmu da safe ya riga ya yi aikin yini guda.

Kwamfutocin sun haura talatin, kuma da wuya ka sami uku da aka saya tare. Wasu wani banki ne ya ba mu da ya sake nasa, wasu daga wani ofishi da aka rufe, wasu ma ba wanda ya tuna daga inda suka zo. Kowace da halinta, kamar 'ya'yan dangi da aka tara a gida ɗaya. A cikin kowace an zuba babbar manhaja iri biyu, ɗaya ta ajina ta aikin ofis, ɗaya ta masu koyon rubuta manhaja da gyara.

To in ka danna maɓallin kunnawa, ba ɗaya daga cikin biyun ce ke fara tashi ba. Akwai wani ɗan ƙaramin shiri da ke riga su, masu sana'ar suna ce masa butloda. Shi ne zai nuna maka baƙin allo da layi biyu, ya ɗan jira ka zaɓa, sannan ya miƙa ka inda ka nufa. Baba Zakara ya ce in ɗauke shi kamar mai gadin ƙofa da ke nuna wa baƙo ɗakin da zai shiga. In mai gadi ya ruɗe, ko gidan cike yake da mutane baƙo ba zai ga kowa ba. Shi kuma mai gadin nan, duk abin da ya sani a wani fayil yake karantawa: ina kowace manhaja take kwance a faifan ajiya, tsawon jiran da zai yi, wacce zai zaɓa in ba a zaɓa ba, da wasu 'yan kalmomi da ake ƙara wa na'urar da ke da taurin kai.

Wannan fayil Baba Zakara da hannu yake gyara shi, na'ura bayan na'ura. Wata rana ya kira ni ya nuna mini samansa, inda aka rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa shi da hannu, akwai manhajar da ke rubuta shi da kanta, kuma duk lokacin da aka sabunta za ta sake shi sabo. Na tambaye shi to me ya sa yake taɓawa. Ya ce farkon zuwansa ya bar ta ta yi, sai ta riƙa yi wa tsofaffin na'urorin hasashen da ba daidai ba. Ta kusa da ƙofa faifanta a rami na biyu yake, na layin baya allonsu baƙi ƙirin yake zama in ba a ƙara wata kalma ba, wata kuma sai an ba ta lokaci ta gama miƙa kafin ta amsa kibod, wato maɓallan buga rubutu. Ya ce akwai hanyar da ake gaya wa manhajar duk wannan, amma lokacin bai iya ba, babu kuma wanda zai tambaya, ga ɗalibai zaune suna jira. Sai ya sa hannu. Tun daga ranar hannun bai fita ba.

Abin da gargaɗin ya faɗa kuwa shi ya riƙa faruwa. Duk sabuntawar da ta zo sai ta share aikinsa, ya wayi gari rabin ɗakin ya koma gidan jiya. Sai ya jawo 'yar kujerarsa mai ƙafa uku, ya ɗauko kofin shayin da ba ya taɓa shanyewa da zafinsa, ya fara daga ta farko. Nakan ji shi yana magana ƙasa-ƙasa da su, yana ce wa wata ke kam ba ki da kunya. Ya ce mini aikin nan da zuba ruwa a kwando duk ɗaya ne, sai dai shi kwandon ba ya yi maka baƙin allo. Daga baya da abin ya ishe shi, sai ya toshe sabuntawar gaba ɗaya. Ɗakin ya lafa. Na'urorin suka tsaya a shekara ɗaya suna tsufa, duniya tana gaba, mu kuwa muna jin daɗin cewa komai yana tashi da safe.

A cikin ɗaliban yamma akwai wata baiwar Allah mai larurar gani, tana aikin amsa waya a wani ofishi, ta zo koyon buga rubutu don a ƙara mata matsayi. Anti muke ce mata duka. An sa mata manhajar da ke karanta mata abin da ke allo, amma wannan sai babbar manhaja ta tashi take fara magana. Baƙin allon farko shiru yake. Kullum sai ta jira wani ya zo ya zaɓa mata, kuma mace ce da ba ta son roƙo. Baba Zakara ya lura. Wata rana dai ta kunna na'urarta ta ƙarshen layi sai ta ji ƙara, ɗan gajeren kuka kamar na ɗan tsako. Ya gaya mata in ta ji wannan, mai gadi ya buɗe ƙofa, ta danna babban maɓalli kawai, kuma ya ƙara mata tsawon jira don kada a yi mata gaggawa. Daga ranar ba ta sake jiran kowa ba. Bai gaya wa kowa ya yi ba, ni ma don ina kusa ne na sani.

Sannu a hankali idonsa ya fara yin yana. Ya riƙa kai fuskarsa dab da allo har numfashinsa yana taɓa gilashin. Fayil ɗin kuwa ba ya yafe kuskure, harafi ɗaya in ya kauce shi ke nan. Sau da yawa yakan kashe na'ura da hannunsa, ya yi rabin yini yana neman inda ya sa sifili a gurbin harafin da ya yi kama da shi. Wani lokaci ni yake kira in karanta masa layin da ƙarfi, ina karantawa ban san me nake faɗa ba, yana gyaɗa kai. Matarsa ce ta matsa, 'yarsa ma ta zo takanas ta zauna a kansa, har ya yarda aka yi masa aikin ido. Likita ya ce ya nisanci allo da sunkuyo na wani lokaci mai tsawo.

A wannan lokacin ne muka san abin da muke zaune a kai. Hukumar jarrabawa ta ce dole a sabunta manhajojin kafin jarrabawar ƙarshen zango. Malamin ajin gyara ya buɗe abin da Baba Zakara ya toshe, da kyakkyawar niyya, na'urori da yawa suka kwanta, kuma ba wanda ya san me aka taɓa rubutawa a cikin kowace. Ilmin duk yana kan mutum ɗaya, mutumin kuma yana kwance a gida da bandeji a ido. Shugaban makaranta ya so a kira shi a waya, matarsa ta ɗauka ta ce in dai ba so muke ya makance ba mu ƙyale mata miji. Ɗalibaina suka koma uku-uku a na'ura ɗaya, mai bugawa ɗaya, 'yan kallo biyu.

Sai Shugaba ya ɗauko ma'aikaciya sabuwa. Injiniya muke ce mata. Mace ce mai natsuwa, tana da yara biyu, ta yi aiki a wani kamfani har ta gaji da tafiye-tafiye ta nemi wurin da za ta riƙa kwana a gidanta. Ta tada waɗanda suka kwanta da ƙyar, ta leƙa cikin sauran, ta fito tana riƙe da kai. Ba ta zagi aikin ba. Ta ce wanda ya yi shi ya san na'urorinsa, amma ba a gina makaranta a kan lafiyar idon mutum ɗaya.

Da Baba Zakara ya dawo, da sabon tabarau mai kauri, ta miƙe ta ba shi kujera, ta gaishe shi da Baba. Ta yi masa bayanin abin da take son yi. Za ta rubuta saiti ɗaya a na'urarta, ta haɗa wani shiri da zai bi ta wayar da ta haɗa na'urorin ya kai wa kowace kwamfuta, manhajar da ke rubuta fayil ɗin ta rubuta da kanta yadda aka tsara tun asali. In sabuntawa ta zo ba abin da zai goge, don ba a wurin da ake gogewa aka rubuta ba. Ya saurara har ta gama. Na zaci zai yi gardama, sai na ga ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"'Yata, in kin iya, ki yi," ya ce. "Ni na gaji. Da na sami mai nuna mini wannan tun farko, da bayana bai zama haka ba."

Kuma abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sauyin da yakan ci masa makonni, ita kafin shayi ya huce ta gama. Shugaba ya ce a mai da manhajar ofis ta zama ta farko a jerin zaɓi, ta danna, duka ɗakin ya sauya. Baba Zakara ya bi layi yana dubawa, ya dawo ya zauna, ya ce ikon Allah. A cikin gyaran ta kuma gano abubuwan da shi kansa bai san suna nan ba. Akwai na'urorin da ya bar wa wata ƙofar gyara a buɗe tun shekarun baya, ya manta, wadda duk ɗalibin da ya gane ta zai iya shiga ya taɓa aikin wani. Da ta nuna masa, ya kalli allon ya ce Allah ne dai ya rufa asiri, yaranmu ba su da wayon ɓarna.

Ana saura kwana kaɗan jarrabawa ta yi wani ɗan gyara, don na'urorin su riƙa tashi da sauri. Ta gwada a kan biyu na kusa da teburinta, waɗanda suka fi sabunta, suka tashi lafiya. Ta tura wa sauran da yamma muka tashi. Washegari na shigo na tarar da Baba Zakara tsaye a tsakiyar ɗaki, hannu a baya. Kusan kowane allo baƙi ne, da ɗan gajeren layi a sama yana cewa mai gadi bai ga inda aka aike shi ba. Abin da ya dace da biyun nan bai dace da sauran ba, faifansu ba a jere ɗaya yake ba. Wake ɗaya ya ɓata gari. Abin da ya fi muni, na'urar da ba ta tashi ba, shirinta ba shi da hanyar isa gare ta ta waya. Abin da ya kashe su a tare ba zai iya tada su a tare ba.

Injiniya ta iso ta gani. Ta ajiye jakarta a hankali, ta zauna a kujerar ɗalibi. Shugaba ya sauko, ya yi faɗan da zai yi, ya ce dama ana zaune lafiya, ya manta yadda aka zauna lokacin bandeji. Ya juya ga Baba Zakara kamar yana jiran ya tafa masa. Baba Zakara ya ce masa ranka ya daɗe, a ba mu wuri mu yi aiki. Da Shugaba ya hau sama, Baba Zakara ya jawo kujerarsa mai ƙafa uku kusa da Injiniya.

"Kada ki sa wa ranki. Ni ma na sha kashe su, sai dai ni ɗaya-ɗaya nake kashewa, shi ya sa ba a taɓa saukowa a yi mini faɗa ba. Kina da filashi?"

Tana da guda biyu, irin 'yan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Yini biyu suka yi suna bi, ita daga gaba shi daga baya, kowace na'ura sai an soka mata filashi an tada ta daga waje, an shiga an gyara da hannu, irin aikin da aka ce an rabu da shi. Ni na sallami ajina na zama mai karanta masa layi. Ɗakin ya yi zafi, fankar rufi tana juya iska ɗaya. Yana durƙusawa ƙarƙashin tebur sai na ji gwiwarsa ta yi ƙara, in zai tashi sai ya dafa kafaɗata. Ita kuma Injiniya wayarta tana ta ƙugi, makarantar yaranta ce ke neman a zo a ɗauki ƙaramin da zazzaɓi ya kama, ta kira mijinta ta roƙe shi ya bar aiki ya je. Da suka haɗu a tsakiyar layi na uku a yini na biyu, ya miƙa mata filashinta, ta karɓa da hannu biyu, suka zauna a ƙasa kowa ya jingina da ƙafar tebur. An yi jarrabawa a kan lokaci.

Ran da ajin yamma ya dawo, ina zagayawa sai na lura Anti tana zaune hannunta a cinya. Na'urarta a kunne take, amma ta wuce can manhajar masu gyara, inda babu mai karanta mata komai. Ƙarar ɗan tsakon ta tafi tun lokacin da aka mai da saiti ɗaya, jiran ma an gajarce shi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce an ɗan kwana biyu, wani lokaci takan yi sa'a ta danna daidai, wani lokaci ta kuskure ta taɓa wani maɓalli, sai ta zauna. Ta ce ta ji ana fama, ba ta so ta ƙara wa mutane kaya.

Na gaya musu. Baba Zakara ya dafe goshi, ya ce wallahi shi kansa ya manta ya taɓa yin wannan. Injiniya ta ce ta ga layin a tsohon fayil, ta ɗauka tarkace ne. Ta je har wurin Anti ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Sannan ta tambayi Baba Zakara in akwai dalilin da zai hana a sa wa duka na'urorin ƙarar, don kada Anti ta zama sai kujera ɗaya, ko wani mai irin larurarta ya zo gaba. Ya ce shi bai taɓa tunanin haka ba, saboda da hannu ko ɗaya ma aiki ce. Ta sa. Washegari da aka kunna, ɗakin ya kaure da ciu-ciu ta ko'ina. Wani ɗalibi mai bakin tsiya ya ce ashe zakaran namu ya yi ƙyanƙyasa. Har Baba Zakara sai da ya yi dariya.

Bayan wannan ne suka zauna zaman da ya kamata a yi tun farko. Kullum in aji ya tashi, sai ya ja kujera gefenta, su ɗauki na'ura ɗaya, ya faɗi halinta, ita kuma ta shigar a cikin shirin a matsayin ta daban. Wasu ya tuna dalili, wasu ya ce shi dai ya san in ba a yi haka ba ba ta tashi. Ta kuma sa wa kanta doka, ba ta ƙara tura gyara ga duka ɗaki a lokaci ɗaya, sai ta fara da mafi tsufa a kowane layi ta kwana ta gani. Shirin da ya fara a ɗan gajere ya yi ta tsawo, wannan ban da waccan, waccan sai in kaza. Akwai guda biyu da suka gagara sam, aka bar su a hannu.

Da aka gama juye abin da ke kansa, sai ya zama ba shi da abin yi sosai. Yana zuwa da sassafe yadda ya saba, ya kunna, su tashi da kansu. Ya goge ƙura, ya canza linzamin kwamfutar da ya lalace, ya zauna. Na zaci hutun zai yi masa daɗi, sai na ga kamar a lokacin ne gajiyar shekaru ta samu wurin sauka. Yakan yi gyangyaɗi a kujera da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce mini da can ba ya jin bayansa sai ya koma gida, yanzu tun safe yake jin sa. Jikin mahaifiyarsa ma ya ƙara tsanani. Kafin shekara ta zagayo ya nemi a sallame shi, aka yi masa ɗan taro a ɗakin malamai, Shugaba ya yi jawabi mai tsawo, shi kuwa ya ce a yafe masa in ya saɓa wa wani.

Ɗakin ya ci gaba. Sai dai na fara lura Injiniya ta fara riga kowa zuwa. Sabuntawa ba ta share komai yanzu, amma takan zo da sabon hali da shirin bai sani ba, sai ta zauna ta kwance ta ɗaura. An kawo wasu na'urorin kyauta, su ma da nasu halin, shirin ya ƙara tsawo. Malamin ajin gyara ya leƙa sau ɗaya ya ce shi wannan ya fi ƙarfinsa. Ta sha ce wa Shugaba a ba ta wanda za ta koya wa, yana cewa ai yanzu komai da kansa yake yi, me za a koya. Ana haka ta samu juna biyu, cikin ya zo mata da laulayi, ƙafafunta suka kumbura. Da lokacin hutunta ya matso, sai Shugaba ya farga. Ya kira ni ofis, ya ce tunda ina da shiri da iyalin Baba Zakara, in je in roƙe shi ya dawo ya riƙe wurin na ɗan lokaci.

Na je da la'asar ranar hutu. Na same shi a baranda a kan doguwar kujera, an sa masa matashi a ƙugu, matarsa tana gefe tana taka keken ɗinki. Ya rame kaɗan, amma fuskarsa ta washe. Muka gaisa, ya tambayi Anti, na ce ta gama har an ƙara mata matsayin. Ya ji daɗi. Sannan na isar da saƙo. Keken ɗinkin ya tsaya.

Daga ciki mahaifiyarsa ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ya amsa ya ce yana zuwa. Ya ce in gaya wa Shugaba ya gode da aka tuna da shi, amma ko ya zo ba abin da zai iya. Abin da Injiniya ta gina bai san kansa ba, in ya sa hannu zai koma yi irin nasa ne, ta dawo ta tarar da rigar da tela biyu suka ɗinka.

"Malama, ni na yi nawa," ya ce. "Ita ma ga shi ta ɗauko hanyata ba ta sani ba. Ku sa mutum ya zauna kusa da ita tun tana nan. Ko wane ne, in dai yana iya karatu kuma ba ya jin kunyar tambaya."

Matarsa ta ce in ƙara da cewa ko ya yarda ita ba ta yarda ba, ta ci gaba da taka kekenta. Ya dafa hannun kujera ya miƙe a hankali, ya tsaya sai da bayan ya saki, sannan ya shiga wurin tsohuwa. Na jiyo shi yana lallashinta ta juya ɗaya gefen.

Na kai wa Shugaba amsa yadda aka ba ni. Ya dube ni, ya dubi takardun gabansa, ya sake dubana, ya ce ai ni ma ina iya karatu. Na ce masa ni buga rubutu aka ɗauke ni in koyar. Ya ce na ɗan lokaci ne.

Yanzu kullum in ajin safe ya tashi, nakan ja kujera in zauna gefen Injiniya. Ta ɗora ƙafafunta a kan wani kwalin takarda, tana faɗa ina bugawa, in na yi kuskure ta taɓa allon da bayan biro. Ta nuna mini yadda zan gwada a kan tsofaffin kafin in tura wa sauran, da yadda zan soka filashi in tada wadda ta ƙi. Na ce mata in abu ya gagare ni zan bar shi yadda yake har ta dawo, ta ce hakan ma ilmi ne. Jiya muna cikin yi ta yi barci a zaune, bakinta a ɗan buɗe. Ban tashe ta ba. Na rage ƙarfin fanka, na ci gaba da karanta layukan ni kaɗai, ina gane wasu, wasu ina wucewa, har ɗaliban yamma suka fara saukowa daga bene.